Daminar da Lawali Ya Cinye Mu a Dara

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau kabu-kabu daga gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi zuwa Tsibiri, gaisuwar wata rasuwa. Ruwan bana ya zauna sosai, ko'ina kore shar, iskar hanya ma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa take yi. Muna gab da shiga gari na hangi wata gona a hannun dama wadda ciyawa ta ci ƙarfinta, hatsin ya yi rawaya a ciki, ya tsaya ƙanana. Ban san mai gonar ba, amma na tausaya masa, don na san ba lalaci kaɗai ke sa mutum ya bar gonarsa haka ba. Har muka sauka hankalina yana kan wata damina da ta wuce fiye da shekara arba'in, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Ni ɗan dara ne, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ko yanzu da gwiwa ta fara ƙi, kullum bayan la'asar ina Sabon Gari, gaban shagon wani abokina, muna bugawa a kan katakon da kafinta ya huda mana gidaje talatin, da marafan kwalba a matsayin 'ya'ya. Samarin fadar da ke gefenmu suna nasu wasan kartar belot da lido, ga shayi a kan gawayi, wasu ma a cikin wayar salula suke wasan, kowa ya sunkuyar da kai. Ba na ganin laifinsu, su ma suna dariya kamar yadda muke yi. Amma a wancan lokacin, a Tsibiri, ba mu da katako. Da tafin hannu ake share yashi, a sa yatsa a fafe gidaje, layi biyar na shida-shida. Mutum ɗaya ya karya kara guda goma sha biyu, ɗayan ya tsinto tsingaro goma sha biyu. A zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa. Duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa, har a ga wanda zai ƙare.

Mu huɗu ne a gindin tsamiyar bayan masallaci. Akwai Sha'aibu, wanda ya ɗan yi karatu, shi ke ja mana kunne idan dara ta so ta cinye lokacin salla. Akwai Nomau, Ba'anne daga wata 'yar tunga da ke bakin gulbi, mutanensu suna kan al'adar kakanninsu, ba ya salla ba ya azumi, amma tare muka tashi muna kiwon awaki. Akwai ni, Mamman, wanda a lokacin ba a samun mai cinye ni daga Tsibiri har kasuwar Maraɗi, kuma ina so kowa ya san haka. Sai Lawali, mutumin kirki, manomi na gaske, amma ban taɓa ganin wanda bai iya dara ba kamarsa. Yana ganin ci a gabansa ya tura wani ɗan daban. Abin da aka saba shi ne wanda aka cinye ya share wurin ya sake fafe gidaje, don haka yatsan Lawali kullum cikin yashi yake.

Shekarar ta zo a kan wata shekara marar kyau. Rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara ta ƙare. Zafin da aka yi kuwa, idan ka taka yashi da azahar sai ka yi rawa ba kiɗa. Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da yamma, da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma da gari ya waye babu namijin da ya rage a gida. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Hatsi ya tsiro, muka yi murna, sai sama ta ɗauke. Kwana goma sha tara muna ɗaga kai. Gajimare ya taso daga gabas, ya yi baƙi, a ji ƙanshinsa har a kwashe shanya, sai iska ta kore shi. A cikin wannan jiran aka ga watan azumi.

Ban manta da yadda gidanmu yake tafiya a watan nan ba. Inna takan auna hatsi da ƙaramar ƙwarya, ba da babbar da muka saba ba, ta daka, ta dama fura mai ruwa-ruwa wadda kana iya ganin gindin ludayi a cikinta. Dusar ma ba a ba awaki, a gefe ake ajiye ta. Da sahur mu sha furar nan mu ƙara da ruwa har ciki ya yi nauyi. Da magariba kunun tsamiya, sai kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli idan an samu, wani lokaci da garin rogo da ake kawowa daga Najeriya. Warin tafasa idan ana dafa ta ba daɗi, amma mai azumi ba ya tsayawa shaƙa. Ruwan randa shi ne ƙanƙararmu. Yanzu jikokina ba su buɗa baki sai an sayo galas, wato ƙanƙara, ni ma kuma na saba, ba zan yi ƙarya ba.

Ranar shida ga azumi ruwa ya dawo, kuma ya dawo da fushi. Kwana uku a jere yana zuba, gulbi ya kawo, kwaɗi suka cika gari da kuka. Hatsin da muka fid da rai da shi ya miƙe, amma ciyawa ta riga shi. Harkiya da ƙarangiya suka rufe gonaki kamar an shimfiɗa tabarma. Kowa ya san noman farko ba ya jira. Idan ka bar shi ya wuce kwana goma, ciyawa ta sha abin da hatsi zai sha, ka yi asarar shekara. Muna idar da sallar asuba mu saɓa hauya. Kafin hantsi ya ɗaga maƙogwaro ya bushe, harshe ya manne a dasashi, gumi ya bushe ya bar gishiri a riga. Wajen azahar mu dawo, mu kwara ruwa a jiki, mu yi salla, mu zube a gindin tsamiya. A nan dara take yi mana rana, don idan ka sa ido a kan gidajen nan talatin sai ka manta da ƙishirwa har a kira la'asar. Nomau, duk da ba ya azumi, bai taɓa shan ruwa ko tauna goro a gabanmu ba. Idan ya matsu sai ya ce zai je duba jakinsa.

A daidai wannan lokacin kurkunu ya kwantar da Lawali. Yaran yanzu ba su san shi ba, kuma Allah kada ya sa su san shi. Tsutsa ce doguwa fara da ake samu daga ruwan tabki, ta yi shekara a jikin mutum, sannan ta huda fata ta fara fitowa, kuma ba ta tashi fitowa sai lokacin noma. Ta Lawali a idon sawu ta fito. Ƙafar ta kumbura, ba ya iya taka ta. Kullum matarsa Tsahara takan naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, don idan ta tsinke a ciki abin ya fi muni. Ba shi da wa ba shi da ƙane a gari, 'ya'yansa biyu ƙanana ne, Tsahara kuma tana da tsohon ciki. Gonarsa tana kan hanyar tamu, kullum muna wucewa muna ganin ciyawa tana hawa.

Muka ce masa ya kira gayya, ya ƙi. A al'ada mai gayya shi ke ciyar da mutane, a dama fura mai kauri, a yi tuwo, ko da azumi ne a kai musu abin buɗa-baki. Lawali ba shi da abin da zai dama wa mutum goma. Muka ce to mu uku za mu yi masa ba sai ya ba mu komai ba. Nan ma ya ƙi ƙememe, ya ce shi ba a yi masa noman sadaka yana da rai, ubansa ma ba a yi masa ba. Muka ce za mu je ba da saninsa ba, ya rantse idan muka taɓa masa gona ba zai ƙara zama da mu ba. Mun san halinsa, zai aikata. Abin da ya shirya shi ne ya tura Tsahara da yaran gidan iyayenta a Jiratawa, inda ake da lambu ba a rasa abin kaiwa baki, shi kuma in ƙafa ta warke ya bi mota ya tafi neman aikin ƙarfi. Mun ga waɗanda suka yi irin wannan tafiya, ba duka ne suka dawo suka tarar da gida yadda suka bar shi ba.

Duk da haka yana zuwa dara. A kan jakin Nomau ake kawo shi, ya miƙe ƙafar a gefe, yana korar ƙuda da ganye.

Nomau ne ya kawo dabarar. Ya ja ni da Sha'aibu gefe ya ce a canza doka: daga yau wanda aka cinye zai nome wa wanda ya ci layi biyar a gonarsa, mu kuma mu bar Lawali ya riƙa cinye mu. Sha'aibu ya ce wannan caca ce, kuma cikin azumi. Nomau ya tambaye shi wace irin caca ce mutum ke shiga da niyyar a cinye shi. Sha'aibu ya ce to in ba caca ba ce yaudara ce. Ya jima yana jan gemunsa, wanda a lokacin bai fi gashi goma ba, daga ƙarshe ya ce a yi, shi zai nemi gafarar Allah a madadinmu duka, har da Nomau.

Lawali ya yarda da dokar don bai ga yadda zai ƙi ba a gaban mutane. Sai dai faɗuwa a hannun Lawali aiki ne. Sai ka buɗe masa hanya, ka kau da kai, ka yi tari, shi kuwa ya tura wani ɗan can daban. Sha'aibu ya taɓa barin masa ci har sau uku a wasa ɗaya bai gani ba. Ni abin ya fi yi wa ciwo. Ina ganin inda zan kafa doki, wato ɗa guda ya riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, kowane motsi ci, sai in danne zuciyata in lalata shi da hannuna. In na koma gida ko kunun ba ya yi mini daɗi. A cikin kwana huɗu dai muka samu ya cinye mu iya yadda za a nome gonarsa duka, ni kaɗai sau takwas.

Amma Lawali bai iya dara ba ne kawai, ba wawa ba ne. Da muka ce gobe za mu fara biya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ban gane ma wanga ci ba," in ji shi. "Shekara goma ina share muku wuri, sai yanzu da ƙahwata ta ruɓe na zama gwani? Ku bari sai bayan Salla."

Bayan Salla kuwa babu abin da zai rage a gonar sai ciyawar dabbobi. Dabara ta tsaya cik.

Washegari yayan Tsahara ya iso daga Jiratawa a kan keke, don a tsai da ranar da zai tafi da ita. Na san shi. Mai sayar da albasa ne, ɗan dara kuma, na taɓa cinye shi a kasuwar Maraɗi a gaban jama'a, bai manta ba. Bayan azahar ya biyo Lawali gindin tsamiya ya tsuguna yana kallo. Layi ya zo kaina da Lawali. Na fara yadda muka saba, na zubar da ɗa ɗaya, na zubar da na biyu. Sai na ji mutumin nan ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce ashe Mamman na Tsibiri da ake faɗa azumi ne ke maganinsa.

Ba ni da wani uzuri. Ba yunwa ba ce, ba ƙishirwa ba ce, girman kai ne. Kunnuwana suka yi zafi, na gyara zama. Nomau yana taka mini ƙafa ban kula ba. Cikin motsi shida na kafa doki, na bi 'ya'yan Lawali ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya har na share su. Sai da na ɗago kai ina jiran a yaba, na ga Sha'aibu ya sunkuyar da kai, Nomau ya tashi ya tafi duba jakinsa. Lawali ya sa tafin hannu ya share yashin. Na cinye gurgu a gaban surukinsa, a ranar da aka zo maganar ɗauke masa mata. Da magariba na kasa haɗa ido da kowa a masallaci.

Da asuba na saɓa hauya na nufi gonata ni kaɗai. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, raɓa tana jiƙa mini wando. Tun daga nesa na hangi jakin Nomau a ɗaure a gindin gawo. Da na matso sai na ga Lawali zaune a ƙasa tsakanin layukan hatsina, da 'yar fartanya a hannu. Yana noma abin da hannunsa ya kai, sannan ya dafa ƙasa ya ja jiki gaba, ƙafar a naɗe da tsumma tana biye. Ya riga ya gama layi ɗaya da rabi. Inda ya ja jiki ya bar shaida a kan yashi.

Na jefar da hauya na ce don Allah ya tashi, na yafe. Ya ce shi bai roƙe ni yafiya ba. Na ce to bari in kama masa, ya ce idan na sa hauya a layinsa sai ya koma farko. Na yi magiya, na haɗa shi da iyayensa, ko gezau. Haka na koma gindin gawo, wanda ba ya da ganye da damina balle inuwa, na zauna ina kallonsa. Rana ta fito, ta yi zafi, ƙudaje suka taru a kan tsumman. Sau biyu yana kwantawa a kan gwiwar hannu yana mai da numfashi, kuma yana azumi kamar kowa. Na yi kuka a wurin nan, ba na jin kunyar faɗa. Sai da rana ta kusa tsakiya ya kai ƙarshen layi na biyar.

Ya kakkaɓe hannu, ya kira ni da kai. Leɓunansa sun bushe sun yi fari, amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin ya kwanta.

"Jiya ka buga mani dara ta gaskiya," in ji shi. "Na biya nawa. To ku ma ku biya naku. Ka gaya ma Nomau da Malam Sha'aibu, gobe da asuba, kuma ban son aikin ha'inci."

Na ɗora shi a kan jaki na ja shi har gida.

Kwana huɗu muka yi a gonar Lawali, muna fara tasa da asuba, mu koma namu da la'asar. Ciyawar ta kai gwiwa, ƙarangiya ta cika mana ƙafafu, hauya sai ka tura da ƙirji take shiga. Shi kuwa an shimfiɗa masa buhu a bakin gona, ya zauna kamar sarkin noma yana ba da umarni. Ya mai da Sha'aibu baya sau biyu wai ya bar harkiya a gindin hatsi. Nomau ya ce da ya san haka abin zai zama da bai kawo shawarar ba. Muna yi muna dariya, dariyar da ba ta da ƙarfi saboda maƙogwaro a bushe yake. Duk layin da muka buɗe, sai ka ga hatsin ya fito fili, siriri, rawaya, amma da ransa.

A rana ta biyu yayan Tsahara ya biyo ta gonar yana tura kekensa, don a ranar ne aka ce zai tafi da ita. Ya tsaya ya dubi inda aka nome, ya dube mu, ya tambayi Lawali wace irin gayya ce wannan, ba makaɗi ba fura.

"Wa ya ce ma gayya ce?" in ji Lawali. "Cinye su na yi ga dara, suna biya."

Mutumin ya ce shi dai abin da idonsa ya gani, Lawali aka share.

"Wannan guda ce, kuma na biya ta. Ga Mamman nan, tambaye shi sau nawa na kada shi."

Duka suka juyo suna kallona. Na san duk abin da na faɗa, kafin Juma'a ya zagaye Jiratawa, ya shiga kasuwar Maraɗi. Na dogara a kan hauya na ce gaskiya ya faɗa, sau takwas ya cinye ni, ni sau ɗaya.

Mutumin ya yi dariya har da riƙe sirdin keke. Ya maimaita "sau takwas" ya fi a ƙirga, kuma ya kai labarin duk inda na zata, har da inda ban zata ba. Shekaru bayan haka ina shiga kasuwa ana nuna ni. Amma da ya gama dariyar ya sake duban gonar, ya ce wa Lawali tunda yana da ma'aikata haka, shi bai ga abin da zai sa ya wahalar da mai ciki a kan hanya ba. Ya hau kekensa ya koma Jiratawa shi kaɗai.

Da yamma na biya gidan Lawali mai da fartanyar da ya manta a gonata. Na yi sallama daga bakin zaure. Ta ƙofar na hangi Tsahara zaune a tsakar gida, ta kwance wani babban ƙullin zane, tana fitar da ƙorai da kayan yara tana mai da kowanne inda yake.